Kaburburan Tabarma a Zangon Tsira

Nguru, 14 ga Afrilu, 1998

Zuwa ga ƙanena Usaini, mai gyaran injin ban-ruwa a Gashua.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kun yi Sallah lafiya, kai da Afra da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Ƙafar maigidana Malam Ibram ta yi sauƙi har ya koma kasuwar kifi. 'Yarmu Haula ta kai izu arba'in, tana gaishe ka.

Bayan haka, akwai maganar da na riƙe shekara tara ban faɗa maka ba. Don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ranka ya ɓaci.

Ka san dokar Zangon Tsira inda aka haife mu. Wanda ya bar jama'a ya koma cikin masu rediyo da rufin kwano da maganin asibiti, ya mutu ke nan. A naɗe tabarmar kwanansa a likkafani, a yi mata salla, a binne a bayan shinge. Kai ka ga taka ana binnewa. Ni tawa labari na ji, bayan mun gudo da Haula asibiti shekarar da ƙyanda ta ɗauke mana yara biyu. Daga ranar ba mai amsa sallamarmu, wanda ya amsa bulala ce.

Abin da ba ka sani ba, Malam shugaban Zango bai hana uwa ta je ta yayyafa ruwa a kabarin tabarma ba, bai kuma hana ta yi wa kabarin magana ba. Inna tana zuwa duk Juma'a da hantsi. Akwai wata tsohuwar aduwa da sarƙaƙiya ta rufe gindinta, kamar taku goma daga wurin. Sau biyu a shekara nakan je in shiga ciki in durƙusa. Ita tana yi wa ƙasa magana, ni ina saurare. Ban taɓa amsawa ba, ita ma ba ta taɓa waiwayowa ba, amma ranar da nake nan takan daɗe.

Na ɓoye maka ne don na san zuciyarka, kuma in aka gane, gadon bayan Inna ne zai sha bulala. Yanzu kuwa idonta ya tafi gaba ɗaya. Yaya Mudi ke jan ta da kara ya kai ta, ya koma nesa ya tsaya. Wannan karon ta dafa kabarinka ta ce, “Kai kuwa ko kana raye, ko ka bi tabarmar, ban sani ba.” Na kasa ci gaba da riƙe wannan ni kaɗai.

In za ka je, sharaɗi ɗaya ne: kada ka amsa, ko tari kada ka yi. In ka san ba za ka iya ba, ka bari.

Yayarka,
Suwaibatu

Gashua, 2 ga Mayu, 1998

Yaya Suwaiba,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ta hannun Bappayo direba. Muna lafiya. Afra tana gaishe ku, ɗanmu Musbahu ya fara tafiya yana fasa mata kwanuka.

Shekara tara! Kina can kina jin muryar Inna, ni ina fadamar Katuzu ina kwance injinan mutane kamar wanda ƙasa ta tofo. Kin ce kin san zuciyata. Wa ya yi mini ita? Ko kin manta ranar da aka tono rediyona a cikin rumbu? Ɗan abu bai fi tafin hannu ba. Aka ɗaure ni a turken shanu a gaban masallaci, Malam ya ce tamanin, ya ce ɗan'uwa mafi kusa shi ke riƙe bulala kamar kullum. Yaya Mudi ya miƙa hannu ya karɓa, ko gezau. Na ƙirga har hamsin da uku, sauran ban san an yi su ba. Ke kika jiƙa kanwa kika wanke mini baya, ke kika riƙa ciro zaren rigata daga cikin nama da tsinke. Har gobe in na tuɓe a bakin kogi sai an tambaye ni ko kura ce ta ja ni. Bayan kwana ashirin na fita, na hau tsamiya ina kallo ana yi wa tabarmata kabbara huɗu. Mudi ne ya shiga rami ya karɓe ta.

Duk da haka zan je. Na ɗaukar miki alkawari, ko kunama ce ta harbe ni ba zan motsa ba. Amma sai ruwa ya sauka, yanzu kowa injinsa a lalace yake, barkonon mutane na bushewa.

Ƙanenki,
Usaini

Gashua, 26 ga Yuli, 1998

Yaya Suwaiba,

Sallama da gaisuwa. Yaya damina? Mu nan kogi ya fara cika. Kowa lafiya.

Na je shekaranjiya. Na bar babur a rugar Fulani na ƙarasa a ƙasa. An yi ruwa kafin asuba, na shiga gindin aduwar ƙaya tana yagar mini wuya. Da hantsi sai ga su. Mudi a gaba, gemunsa ya yi fari, Inna tana riƙe da ƙarshen kara. Yaya, ta ƙanƙance. Da hannu ɗaya zan ɗauke ta. Ya zaunar da ita, ya miƙa mata buta, ya tafi can ya juya baya yana kallon gero.

Naki ta fara yayyafawa. Ta ce, “Suwaiba, an gaishe ki. Gujjiyar bana ta fito da kyau.” Sai ta lallaba ta matso nawa. Ta ɗaga buta, sai ta tsaya, ta ɗaga hanci.

Ta ce, “Ikon Allah. Yau kuma kabarin nan warin baƙin mai yake yi.”

Sai ta yi dariya, irin tata da take rufe baki da gefen mayafi. Ta ce, “Kai ɗan biyu mai kunnen ƙashi, ko a ƙasa ba ka daina taɓa ƙarfen Nasara ba? To ka ji. In kana da mata, kada ka riƙa yi mata tsawa irin ta ubanka. In kana da ɗa, ka bari sai da sanyi a yi masa kaciya. Akuyarka mai farin goshi ta mutu tuntuni, amma jikokinta sun cika mini gida, duk ɓarayi kamar kai.” Ta shafa ƙasar da tafin hannu. Ta ce, “Tuwon da ka rage a akushi ranar da ka tafi, kwana uku na hana a taɓa.”

Na cusa hannuna a baki na ciza har jini ya bi mini gwiwar hannu. Amma ban amsa ba. Allah ne shaidata, ban yi ko tari ba. Ta daɗe tana ba ni labarin waɗanda suka mutu da waɗanda aka haifa, har Mudi ya yi gyaran murya daga can, ta ce, “To, yayanku ya gaji.” Suka tafi.

Na yafe miki shekara taran. Bayan kaka zan koma.

Usaini

Nguru, 9 ga Agusta, 1998

Ƙanena Usaini,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu jikinmu lafiya. Na karanta takardarka na yi kuka na gode wa Allah, bayan kwana shida kuma sai ga Ba Modu mai kanwa. Shi kaɗai ne baƙon da ake bari ya tsaya da jakunansa a ƙofar Zango. Abin da zan rubuta ban gani da idona ba, daga bakinsa na ji, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba.

Ka fara sanin cewa Inna tana da rai.

Ka je da dogon takalmin roba da kuke shiga fadama da shi. Ƙasa a jiƙe take, ƙasan takalmin kuma yana da zane. A Zango kaf babu mai taka abin da inji ya yi. Yuguda ɗan Malam ya ga sawun a hanyar gona, ya bi shi har gindin aduwa, ya tarar da jini a ganye. Bayan la'asar aka fito da Inna gaban masallaci, aka tambaye ta ko ta san akwai mai rai a wurin. Da ta ce a'a, da shi ke nan, makauniya ce. Amma ka san Inna. Ta ce, “Ban gan shi ba, ba ni da ido. Na dai ji warinsa, kuma da shi nake magana.”

Malam ya ce ashirin. Yaya Mudi ne ya riƙe. Ta suma a ta goma sha huɗu, aka zuba mata ruwa, aka ƙarasa. Yanzu tana kwance rub da ciki, tana shan kunu kaɗan-kaɗan. An sare aduwar an ƙone.

Usaini, laifin nawa ne. Ni daga rugar nake tuɓe takalmi in tafi ƙafa ba komai. Na saba har na daina ganinsa a matsayin dabara, shi ya sa bai zo mini in rubuta maka ba. Kai ka cika alkawarinka. In akwai wanda za ka yi fushi da shi, ga ni nan.

Ina roƙonka kada ka yi komai. Ka bari ta warke tukuna.

Suwaibatu

Gashua, 13 ga Agusta, 1998

Yaya,

Na samu. Muna lafiya, in wannan lafiya ce.

Tsohuwa mai shekara saba'in, makauniya, wadda ta goya Mudi. Ya ga ta suma, ya jira aka farfaɗo da ita, ya ƙarasa shida. Kina ce mini laifin takalmi ne. Takalmi ne ya ɗaga bulala?

Ni ya yi mini tamanin na bar shi da Allah. Wannan ba zan bari ba. Na san duk ƙarshen wata yana kai farin saƙi kasuwar Machina. Na kai addata wurin maƙeri. Ba ransa nake so ba, hannun nake so, hannun da ya taɓa bayan Inna. In kina da abin da za ki faɗa wanda ya fi “ka yi haƙuri”, ki faɗa kafin ranar. In na ji shiru, na san ke ma abin da ke ranki ke nan.

Usaini

Nguru, 27 ga Agusta, 1998

Usaini, ƙanena,

Sallama. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa. Yau da azahar takardarka ta iso, kwana goma sha huɗu tana aljihun Bappayo, ruwa ya yanke hanya mota ba ta wucewa. Shirun da ka ji ba nawa ba ne. Na ba wani mai kwalekwale wannan, Allah Ya sa ta riske ka.

Ga abin da ya fi “ka yi haƙuri”. Ranar da aka yi maka bulala, ni na ga Yaya Mudi a bayan rumbu kafin ya fita. Ya ɗauki ƙwallon goruba ya cusa a hammatarsa ta dama a ƙarƙashin riga, ya matse. Mai matse da goruba hannunsa ba ya ɗaguwa sama. Da ta faɗo a gaban jama'a, da shi ma an ɗaure shi. Ka tuna Kyari, maraya, wanda ba shi da ɗan'uwa? Yuguda ne ya riƙe masa. Arba'in kacal, ya kwana uku yana fitsarin jini ya rasu. Kai tamanin, ka tashi da ƙafarka a kwana ashirin. Bayan an kwance ka, Yaya Mudi ya koma bayan rumbun ya yi ta amai, kuma wata guda da hagu yake cin abinci, Baba yana zaginsa.

Ban ce ba shi da laifi ba. Ban san yadda Allah zai yi masa hisabi ba. Amma in ya ƙi karɓa, Yuguda ne zai karɓa, kuma ashirin ɗin Yuguda da sun kai Inna kabari na gaske. Shi ke ɗebo mata ruwa, shi ke jan ta. Shi kaɗai ya rage mata a cikin shingen nan. In ka taɓa shi, ita ka taɓa.

Don darajar nonon da muka sha, ka biyo ta Nguru mu yi magana.

Suwaibatu

Gashua, 12 ga Satumba, 1998

Yaya Suwaiba,

Assalamu alaikum. Afra da yara suna lafiya. Ni haƙarƙarina biyu sun karye, amma ina numfashi. Da kika kawo mini abinci ofishin 'yan sanda na ƙi fitowa, ba raini ba ne, ba zan iya kallonki ba. Takardarki ta goruba a gida na tarar da ita jiya, a ƙarƙashin matashi Afra ta ajiye. Ta iso kwana ɗaya bayan na tafi.

Kin ji daga bakin mutane, bari ki ji daga nawa. Na bi ta arewa ta cikin rairayi don kada in ratsa Nguru ki tare ni. Na same shi a rumfar masu saƙi yana ninke fari, mutanen Zango uku a gefensa. Na ce, “Mudi! Ɗan'uwa mafi kusa, ga ni na zo.” Bai ɗago ba. Na sake kira, na sake. Na mare shi hularsa ta faɗi, ya ɗauka ya kaɗe ya mayar, ya ci gaba da ninki kamar iska ce ta ture ta. Wallahi da ya zage ni, da ya tashi mun kama kokawa, da watakila addar ba ta fito ba. Hannunsa na dama yana shimfiɗe a kan farin. Sara biyu na yi. Na ji ƙarar ƙashi. Hannun ya rataya da fata, farin nan duk ya rine. Bai yi ihu ba, sai salati, kuma har ya kife bai dube ni ba.

Mutanen Zango suna tsaye, ba wanda ya taɓa ni, ai ba a taɓa matacce. Mahauta ne suka rufe ni da duka. Da 'yan kasuwa suka ɗauki Mudi a sume suka sa a mota, su ukun nan suka naɗe kayansu suka kama hanyar gida a ƙasa.

Bayan kwana biyar 'yan sanda suka kai ni gadonsa a asibitin Nguru. Babbansu ya ce, “Malam, ka san wannan? An ce ƙanenka ne.” Mudi ya dubi bango ya ce, “Ƙanena Usaini ya rasu shekara goma sha huɗu, ni na sa shi a rami. Ba ni da ƙara a kan kowa.” Aka yi, aka yi, bai ƙara ko kalma ba. Manoman Katuzu suka tsaya mini aka sake ni, an ce maganar ba ta ƙare ba.

Ban sani ba, Yaya, ceto na ya yi ko sake binne ni ya yi. Ki gaya mini halin da Inna take ciki.

Usaini

Nguru, 26 ga Satumba, 1998

Ƙanena Usaini,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ka lafiya, a riƙa gasa maka haƙarƙarin da ruwan zafi. Malam Ibram da Haula suna lafiya.

Ka tambayi halin Inna, zan faɗa maka yadda yake.

Likita ya cire hannun daga wuyan hannu. Kwana uku da abin, aka binne tabarmar Yaya Mudi a Zango. Ya shiga mota, ya kwana a ƙarƙashin kwano, an yi masa allura, an ƙara masa jini. Wani dattijo ya ce ai a sume yake, Yuguda ya ce doka ba ta san suma ba. Matarsa Khadijatul Kubra tana takaba, ita ke miƙa wa Inna abinci in ta samu sarari. Ba Modu ya ce bayan Inna ya warke, sai dai ba ta miƙewa sosai. Yanzu kaburbura uku take yayyafawa, da rarrafe take zuwa, Yuguda yana tsaye a kanta har ta gama. Ba ta cewa komai sai addu'a. In aka sake samun ta da wani laifi, shi ne zai riƙe bulala, don ba ta da sauran namiji a ciki. Saboda haka ni ba zan koma ba. Kai ma kada ka je, kada ka aika, ko gishiri.

Da aka sallami Yaya Mudi ba shi da inda za shi, Malam Ibram ya kawo shi zaurenmu. Kwana takwas ina ajiye masa abinci yana jira sai na fita. Jiya da hantsi ina ɗauke kwano ya ce, “Yau wace rana?” Na ce Juma'a. Ya ce, “Suwaiba, wa zai ja mata karan?” Rabon da in ji sunana a bakinsa shekara tara. Ya ce tun zuwana na farko ya gan ni a gindin aduwa, kai ma ya gan ka, ya koma ya tattake sawunka na kusa, bai san ka baro wani a hanyar gona ba. Game da kai bai ce komai ba bayan wannan, ni ma ban tambaye shi ba.

Ban rubuto don in ƙara maka nauyi ba, wanda kake ɗauke da shi ya isa. Buƙata ce da ni. Dungulmin yana ruwa, zazzaɓi yana kayar da shi, ba ya iya tsarki ko wanka shi kaɗai. Malam Ibram yana kasuwa tun safe, kuma Yaya yana jin kunyar suruki, ya gwammace ya zauna da ƙazanta ya yi taimama. Ni mace ce, akwai abin da ba zan iya yi masa ba. Namijin da ya rage masa a duniya kai ne.

Ban ce ka nemi gafararsa ba, ban kuma san ko zai amsa sallamarka ba. Hanya ta buɗe, Bappayo yana tasowa ranar Talata. Ka zo da reza da sabulu, ka bar addar a gida.

Yayarka,
Suwaibatu